Murfin Ramin Ɗakin Ƙasa

Litinin, 4 ga Afrilu, ƙarfe 6:20 na yamma

Na dawo daga Winnipeg ni kaɗai. Asibiti sun riƙe mijina Donat, wai sai sun ƙara wasu gwaje-gwaje. Da zai ba ni makullin mota sai da ya ja mini kunne kada in taka burki da ƙarfi a kan gada, kamar ba ni nake tuƙa motar nan ba shekara da shekaru.

Likitar yarinya ce, ba ta ma kai Maryse 'yarmu ba. Ta ɗora hoton ƙirjinsa a allo, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo da tambayoyi. Yana shan taba? Bai taɓa sa kara a baki ba. Ya taɓa aiki a ramin haƙar ma'adini? Donat ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce motar 'yan makaranta ya tuƙa shekara talatin da ɗaya, in akwai ma'adini a ciki to cingam ne a ƙarƙashin kujera. Sai ta ce, to in yana gida a ina ya fi zama? Mu biyu muka amsa baki ɗaya: ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan. Can bencin aikinsa yake, can yake gyara wa mutane goge tun kafin a haifi Maryse.

Ta ce mu auna iskar ɗakin. Akwai wata iska da ke tasowa daga cikin ƙasa, radon, ba wari ba launi, kuma ƙasar yankinmu tana da ita sosai. Na ce to. 

Ƙanƙara ta fara narkewa. Famfon da ke kwashe ruwan ramin ɗakin ƙasa yana tashi duk minti ashirin. Ina jinsa ta tafin ƙafa a nan kicin.

Talata, 5 ga Afrilu, ƙarfe 8 na safe

Yau famfon duk minti goma sha takwas yake tashi. Na dafa kofi na mutum biyu, na zubar da rabi.

Laraba, 6 ga Afrilu, ƙarfe 4:30 na yamma

Wendel maƙwabcinmu ya aro na'urar awon a laburaren gari ya kawo. 'Yar ƙarama ce kamar sabulun wanka, da ɗan gilashi mai nuna lamba. Muka sauka tare, yana dafa bango saboda gwiwarsa. Ya ajiye ta a bencin Donat tsakanin goge biyu da ba a gama ba, ya ce sai ta kwana biyu kafin ta ce wani abu.

Sai idonsa ya faɗa kan ramin, can kusurwa bayan injin wanki, da guntun katako a bakinsa.

"Lorette, ina murfinsa?"

"Ya tsage tun shekarar babbar ambaliya. Donat ya ce gara ma, ya fi son ya riƙa ganin ruwan da idonsa."

"Shekara ashirin da biyar ke nan fa."

"Na ce ka ƙirga mini ne?"

"Ku Katolika kowane waliyyi kun kunna masa kyandir, amma murfi ɗaya ya gagare ku."

"Ku kuma da ba ku rawa a cocinku, ga shi nan gwiwa ta ƙage."

Ya yi dariya, amma bai ɗauke ido daga ramin ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaga katakon, ya tara bayan hannunsa a bakin, ya ce in zo in ji. Na tara nawa. Wani sanyi-sanyi yana tasowa, kamar an bar taga a buɗe can ƙasa.

Juma'a, 8 ga Afrilu, ƙarfe 7 na safe

940. Takardar cikin kwalin ta ce bai kamata ya wuce 200 ba. Na cire tabarau na goge, na mayar. 940.

Juma'a, ƙarfe 2 na rana

Na kira masu wannan aikin har uku. Kowa sai watan Yuni, duk sun tafi shirin ambaliya. Na ukun ya ɗan saurare ni. Ya ce gyaran gaske shi ne a huda daɓe a sa bututu da fanka, amma kafin nan in rufe ramin in liƙe, in toshe duk tsagar da na gani a siminti. Ya ce, "Amma ki wanke famfon tas tukuna, Madam. In kin liƙe, ba za ki so ki sake buɗewa ruwa yana bakin ƙofa ba."

Lahadi, 10 ga Afrilu, ƙarfe 7 na yamma

Na je wurin Donat bayan coci. Rigar asibiti ta yi masa yawa. Ya tambayi lambar, na faɗa masa. Ya ce na'urar laburare ce, wa ya san yaran da suka yi ƙwallo da ita.

Ya karɓi biro ya zana mini famfon a bayan takardar abinci: ga inda ake kwance bututu, ga 'yar ƙwallon da ke yawo bisa ruwa tana kunna injin, ga ragar gindi inda tsakuwa ke maƙalewa. Hannun da ke liƙa katako mai kaurin farce, yau layi ɗaya bai miƙe ba. Ya ga na gani. Ya ce laifin biron ne.

A rediyon mota sun ce ruwan kogi da ke gangarowa daga kudu zai iso mana wajen ƙarshen wata.

Talata, 12 ga Afrilu, ƙarfe 5 na yamma

Na wanke shi. Bayana kamar an daka.

Na jingina waya a kan injin wanki, Donat yana kan layi. Ya ce da zarar na cire wuta ina da kamar minti arba'in kafin ruwa ya kai daɓe, don bututun da ke tattaro ruwan gindin gida ba ya jiran kowa. Na cire wuta ƙarfe goma daidai.

Ƙusar da ke riƙe bututun ta yi tsatsa, ta ƙi juyawa. Na ce masa ta ƙi.

"Hagu, Lorette."

"Hagu nake juyawa."

"Hagunki ko hagun ƙusar?"

"Tsohon nan, in ba ka yi mini shiru ba zan jefa ka cikin ramin, kai da wayar."

Da ta saki, ruwan da ke tsaye cikin bututun ya zubo mini a hannun riga, sanyi har ƙashi. Na ɗago famfon, nauyi kamar jaririn maraƙi, duk jikinsa wani jan yauƙi mai warin tsohon ƙarfe. Na sa shi a baho, na goge da tsohon buroshin haƙori da ruwan khal. A ragar gindi na ciro tsakuwa cikin tafi guda, da ƙusa biyu, da igiyar goge ta naɗe a jikin ƙwallon. Na ce masa ga igiyarka. Ya ce tun bara yake nemanta.

Sannan ramin. Na durƙusa da gwangwanin kofi ina kwasar taɓo, kaina a ciki har kafaɗa. Sai da na cika bokiti biyu na tuna abin da nake shaƙa. Na riƙe numfashi, na ga shirme ne, na saki.

Donat yana ba ni lokaci: saura minti goma sha biyar, saura goma. Sai tarin ya zo masa. Ya daɗe. Na ji muryar nas, sannan layin ya yanke. Na tsaya da gwangwani a hannu ina kallon wayar, ruwa yana hawa. Saura faɗin yatsa uku ya kai baki na mayar da famfon, na ɗaure, na sa wuta. Ya yi gurnani ya shanye ruwan a tashi ɗaya.

Bai sake kira ba sai ƙarfe uku. Abin da ya fara tambaya shi ne ko na ɗaure ƙusar sosai.

Laraba, 13 ga Afrilu, ƙarfe 6:45 na yamma

Maryse ta kira daga wurin aiki. Babanta ya faɗa mata lambar. Ta tambayi kogi, ta tambayi ko ina cin abinci, sannan ta ce, "Mama, ramin nan ba bayan bangon ɗakina yake ba?"

Na ce eh.

"Shekara tara na kwana a wurin."

Na ce na sani.

"Ba wanda ya taɓa ce mana mu auna?"

Na ce a'a.

Alhamis, 14 ga Afrilu, ƙarfe 9 na safe

1,020. Minti goma sha huɗu. Ina neman almakashi, amma ban buɗe durowar kicin ta ƙasa ba. Na yanka da wuƙa.

Juma'a, 15 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Na je coci. Layin masu furta zunubi ya kai har ƙofa, na tsaya a ciki, da ya rage mutum biyu a gabana sai na fita na shiga mota. Bari in rubuta a nan, tunda takarda ba ta san muryata ba.

Shekara goma sha biyar da suka wuce wata ma'aikaciyar lafiya ta zo zauren coci bayan addu'a. Ta yi bayanin iskar nan, ta raba ɗan baƙin gwangwani ga duk mai so: a ajiye a ɗakin ƙasa wata uku, a aika musu, su faɗi lamba. Na karɓi ɗaya. A gida na karanta takardarsa, na ga in lamba ta yi sama sai an fasa daɓe. Na hango bencin Donat a waje, da ɗakin Maryse da ta gama yi wa fenti da kanta, tana da shekara goma sha shida. Na ce bari a wuce Kirsimeti. Na sa shi a durowar ƙasa, ƙarƙashin tawul.

Yana nan. Ko ledarsa ban yage ba. Maryse ta ƙara shekara shida a ɗakin.

Asabar, 16 ga Afrilu, ƙarfe 5:30 na yamma

Wendel ya samo murfi a gari, na roba mai kauri, da ɗan gilashi kamar tafin hannu don a riƙa leƙa ruwa. Ya zauna a kan kifaffen bokiti yana ba da umarni, ni ina ƙasa. Na share bakin ramin na busar da na'urar busar da gashi. Muka zura bututu da wayar wuta ta hudojinsu, kowanne da zoben roba. Na zagaye bakin da danƙo, na danna murfin, na ɗaure ƙusoshi shida. Sannan na bi daɓen da rarrafe ina neman tsaga. Ban san akwai su da yawa haka ba. Wata ta taso daga ramin, ta bi ta ƙarƙashin bango, ta ɓulla a tsohon ɗakin Maryse, daidai inda kan gadonta yake.

Wendel ya ce, "Kin yi shiru."

Na ce ƙurar siminti ce.

Ya ce, "Ba laifin kowa ba ne, Lorette. Wa ya san da wannan abu a lokacin?"

Na ce ya miƙo mini wani kwalin danƙon.

Lahadi, 17 ga Afrilu, Ista, ƙarfe 8 na safe

Tun da na rufe ramin ba na jin famfon daga kicin. Na saba da shi ashe. Yanzu sai in tsinci kaina tsaye da cokali a hannu ina saurare, ban san ko yana aiki ko ya mutu ba. Sau biyar na sauka tun asuba don in leƙa ta gilashin.

Talata, 19 ga Afrilu, ƙarfe 7 na yamma

Likitoci sun kira mu ofis, ni da Maryse, suka turo Donat a keke. Sun faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi ba. Sun ce ba a wuri ɗaya yake ba. Za a fara magani Alhamis ta sama.

Donat ya tambayi ko zai iya zuwa gida kafin nan, yana da gogen mutane biyu a benci. Likitar ta dube ni. Na dubi takalmana.

610.

Alhamis, 21 ga Afrilu, ƙarfe 3 na rana

Kogi ya fita daga bakinsa. Gonar Wendel ta gabas ta zama tafki, agwagin daji har sun sauka. Manyan motoci suna zuba ƙasa za su toshe ƙofofin ganuwar tare ruwa da ta kewaye gari. Mu da muke wajen ganuwar an zo an rubuta sunayenmu, an ce babban titi ba zai kai Litinin a buɗe ba. Gidanmu a kan tudu yake, ruwa zai kewaye mu ne kawai, in famfo bai tsaya ba.

Minti tara. 470. Ya sauka, amma har yanzu ya ninka abin da takarda ta ce, har da ɗori.

Asabar, 23 ga Afrilu, ƙarfe 6 na yamma

Maryse ta kawo babanta da hantsi. Na dafa miyar wake da naman alade yadda yake so, ya sha cokali huɗu. Yana ajiye cokali ya ce zai sauka ya ga aikin. Muka hana, ya ce minti biyar ba za ta ƙara masa abin da shekara talatin ba ta yi ba. Matakala goma sha ɗaya, ya huta sau uku. Maryse ta ce za ta wanke kwanuka.

Ya tsaya kan murfin, ya bi danƙon da ɗan yatsa. "Kamar kaza ta taka fenti," in ji shi. Sannan ya ce, "Amma ya kama. Ya kama sosai, tsohuwata."

Ban shirya ba. Na ji bakina yana magana kawai. Na faɗa masa zauren coci, da matar, da gwangwanin, da tawul. Na ce ni na jawo masa.

Ya zauna a kujerar bencinsa, ya ɗauki wani ɗan katako yana juyawa.

"Baƙi ne, da jan rubutu a ledar?"

Na ce eh.

"Na gan shi tun shekarar. Ina neman batir. Na karanta takardar a nan inda nake zaune, na mayar na rufe da tawul yadda na same shi. Na ɗauka ba ki san me ke ciki ba, na ce kada in tuna miki."

 Famfon ya tashi a ƙarƙashin murfin, ya tsaya. Sai matakala ta yi ƙara. Maryse ce tsaye a tsakiya, da rigar sanyin babanta a hannu, ta kawo masa.

"Ku biyun," ta ce. "Ku duka biyun."

"Maryse, 'yata..."

"Na tambaye ki, Mama. Kwana goma da suka wuce na tambaye ki, kika ce a'a."

Ta rataye rigar a jikin ƙarfen matakala, a hankali, har da gyara kafaɗar. Ta hau. Muka ji ƙofa, muka ji mota. Sai da na ɗauki kusan rabin awa kafin na hau da Donat sama.

Lahadi, 24 ga Afrilu, ƙarfe 12 na rana

Na kira Maryse sau huɗu. Ba ta ɗauka ba.

Litinin, 25 ga Afrilu, ƙarfe 9 na safe

An rufe titi. Ruwa ta ko'ina, har inda ido ya tsaya, sai kawunan sandunan shinge. Wendel ya zo da kwalekwale ya kawo burodi da man janareto. Ya tambayi Maryse, na ce aiki ya yi mata yawa. Ya dube ni, ya dubi Donat, ya ce iska za ta taso da yamma, mu ɗaure abin da ke tsakar gida.

Minti shida.

Talata, 26 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Wuta ta ɗauke sau biyu, ta dawo kafin in kai ga janareto. Na hawo wa Donat da goge ɗaya teburin kicin. Ya ɗaura igiya biyu, ya gaji. Ba mu yi maganar Asabar ba. Muna ta yi wa juna ladabi kamar baƙi a ɗakin jira.

Na aika wa Maryse saƙo. An nuna ta karanta.

Laraba, 27 ga Afrilu, ƙarfe 5:15 na yamma

Maryse ta kira. Na ɗauka a tsaye, na fita baranda don kada babanta ya ji in za ta zage ni.

Ba ta gaishe ni ba. Ta ce Wendel zai zo da kwalekwale gobe ƙarfe bakwai, ya kai mu inda titi ya fito daga ruwa, ita tana jira da mota. Wendel zai kula da famfon har mu dawo. Baba yana da ganin likita ƙarfe tara. Ta ce ta ga nata likitan, za a ɗauki hoton ƙirjinta ƙarfe goma.

Na ce Allah ya sa a ga alheri. Na fara cewa, "Maryse, abin da na yi..."

"Ba yau ba, Mama. Ban san ranar ba, amma ba yau ba." Na ji tana jan numfashi. "Ke kina da goma da rabi. Na sa sunanki."

Na ce ni lafiyata ƙalau, wanki kawai nake yi a can.

"Wanki da guga da ɗinki, shekara talatin da biyar. Kuma tun watan Fabrairu nake jin tarinki. Kina toshe bakin wayar da hannu, kina cewa kofi ne ya sarƙe ki. Ina ji, Mama. Baba ma yana ji."

Na waiwaya. Donat yana zaune a bakin taga da gogen a cinya, yana kallona.

Na ce to.

Na haɗa masa jakarsa, da magunguna da silifas. Na tsaya a gaban kabad na ɗan lokaci, sannan na sauko da ƙaramar jakar, na sa rigar barci da buroshi, ko da za su riƙe ni.